Ina Za Ka Aje Sabon Jirginka In Ɗari Ya Shigo?

Kai mai karatu, a ce bana Allah ya ba ka amfanin gona. Ka saida wake, ka ƙara da kuɗin rago, ka sayi jirgin ruwa, wanda wasu ke kira kwale-kwale. Sabo ful, katako yana ƙanshi, kwalta tana ƙyalli. Ka yi su da shi wata ɗaya ko biyu a ƙarshen damina. To ga ɗari ya shigo, kai kuwa ba zama za ka yi bakin ruwa ba. Wataƙila garkar albasa ke jiran ka, kamar mutanen Galmi da Dogarawa. Wataƙila cin rani za ka, Legas ko Abijan. Ko kuwa ƙungiyar masunta ta rufe tabki don kifi ya girma. Ko mine ne dalili, jirgi zai yi wata huɗu ko biyar ba ya aiki. Ina za ka aje shi?

Mutane da yawa ba su tsayawa su yi wanga tunani. Sai su ja jirgi zuwa gaɓa, su ɗaure shi ga wani kututture, su yi tafiyarsu. Rabin jirgi cikin taɓo, rabi cikin rana. In kana son jirginka ya mutu da wuri, ba hanyar da ta fi wannan sauri. Bari mu ga dalili.

Halin katako

Ka san katako tun kafin ka san jirgi. Dubi ƙyauren ɗakinka. Da damina yakan kumbura, sai ka sa kafaɗa kafin ya rufu. Da rani kuwa har haske yana shigowa ta tsakanin katakai. Dubi ƙotar gatari. In ta yi sako-sako, mi kake yi? Ka jiƙa ta cikin ruwa ta kwana, da safe ta kama gam. Mata ma sun sani, turmin da anka bari cikin rana tsagewa yake yi.

Jirgi ma haka yake. Katako in ya sha ruwa kumbura yake yi, in ya bushe sai ya tsuke. Ba a tsawo yake tsukewa ba, a faɗi ne. Katako mai faɗin santimita 30, in ya fito daga ruwa ya bushe ƙayau, yana iya raguwa da kusan santimita 1. Ka ga kamar ba kome ba ne. To ka tuna jirgi katakai ne da yawa anka jera, anka haɗa da ƙusa. In kowane ya ja baya kaɗan, sai kafa ta buɗe tsakaninsu. Kwaltar da anka toshe da ita ta ɓare. Ƙusa ta yi lako-lako cikin raminta. Wani wuri kuma ƙusa ta ƙi sakin katako, shi kuma ya nace sai ya tsuke, sai ya tsage daga bakin ƙusar.

Ba abin da ke busar da itace kamar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana busowa daga wajen hamada, ba ta da laima ko kaɗan. Abin da take yi wa leɓenka da dugaduganka, shi take yi wa jirgi. Bayanta kuma ga bazara, a Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a ƙasar Ƙonni.

Sabon jirgi ya fi tsoho jin wanga abu. Yawancin katakon da ke kasuwanninmu daga kudu yake zuwa, daga dazukan ƙasashen bakin teku, inda iska ke da laima. Sau da yawa bai gama bushewa ba kafinta ya buga shi. Ranin farko shi ne jarrabawarshi. In kuma da farin katako anka yi ma jirgin, ka ƙara kula, don gara da ƙwari sun fi son shi bisa ga ja.

Shi ruwa fa? Ba ya ruɓar da itace? Yana ruɓarwa, amma sai ya samu taimakon iska. Abin da ke cin itace har ya ruɓe yana bukatar laima da iska gaba ɗaya. Shi ya sa turke daga daidai bakin ƙasa yake karyewa, wurin da ke jiƙewa yana bushewa. Itacen da ke ƙarƙashin ruwa dukanshi, iska ba ta kai gare shi, yana daɗewa ƙwarai. A shekarar 1987, a ƙauyen Dufuna cikin jihar Yobe ta yanzu a Najeriya, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da itace a zurfin kusan mita 5. Da anka tono shi a 1994, sai ga jirgin ruwa mai tsawon sama da mita 8. Masana sun auna, sun ce ya kai shekara 8000. Abin da ya tsare shi, jiƙaƙƙiyar ƙasa ce wadda ba ta taɓa bushewa ba. Taɓon bakin tabkinmu ba irin wannan ba ne. Yau yana jiƙe, bayan wata ɗaya ya bushe ya daddare, ya riƙe cikin jirgi kamar hannun mai kokawa. Ka zo ja, katakon ƙasa ya tsaya can.

A ƙasashen sanyi kamar Kanada da arewacin Turai, in lokacin ɗari ya zo fidda jirage ake yi daga ruwa. Can tabki daskarewa yake yi ya zama ƙanƙara, ƙanƙara kuma tana matse jirgi har ta fasa shi. Su gudun ruwa suke yi. Mu nan sau da yawa ruwan ne mafaka. Kada ka ji an ce haka Turawa ke yi ka ɗauka haka ya dace da kai.

Fara duban tabkin

Kafin ka yanke shawara, akwai tambaya guda wadda ta fi sauran: ruwan nan zai kai har ka komo?

A ƙasarmu ruwan sama da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 500 da yawa ba, wato rabin mita. Amma rana da iska suna kwashe sama da mita 2 daga fuskar tabki a shekara. Ƙara da wanda ƙasa ke tsotsewa, da wanda shanu da raƙuma ke sha, da wanda injinan ban ruwa ke ja zuwa garake. Saboda haka tabkin da zurfinshi bai wuce tsawon mutum ba a ƙarshen damina, da wuya ya ga ruwan fari.

Kana iya aunawa da kanka. Kafa sanda cikin ruwa, ka yi mata tsaga daidai inda ruwa ya tsaya. Kowace Juma'a ka koma ka duba, ka rubuta yatsa nawa ya sauka. Bayan Juma'a huɗu ka san saurin tafiyarshi. Ka tuna dai da bazara zai fi haka sauri.

Ruwan madatsa kuma halinshi dabam ne. Madatsun Mozage da Zongo a kan Majiya an gina su ne don ban ruwan gonakin Ƙonni, fili mai sama da hekta 2000 wanda ONAHA ke kula da shi tare da ƙungiyoyin manoma. Ana sako ruwan ya bi babbar kwata zuwa Cerasa, daga nan ya shiga gonaki. In anka buɗe ƙofa, ruwa yana ja baya da sauri fiye da na tabki. Inda ka bar jirgi yana lilo, bayan kwana goma sai ka iske shi zaune bisa taɓo. Ga shi kuma ƙasa da yashi sun cike wani sashe na madatsun cikin shekaru, ba su riƙe ruwa kamar lokacin da anka gina su. In can jirginka yake, tambayi masu kula da ƙofar ruwa yaushe za su fara saki.

Ka tambayi dattawa kuma, amma ka tambaye su labarin shekarun nan na kusa, ba na ƙuruciyarsu kaɗai ba. Tabki yana sake hali. Dubi na Ɗan Dutsi, yamma da Illela, wajen Bagaruwa. Da can ɗan ƙaramin tabki ne mai ƙafewa, ana noma kewaye da shi. A damanar 1974, bayan babban fari, ruwa ya malalo ya cika kwarin, ya zama babban ruwa har masunta sunka zo sunka zauna. A 2005 an sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya, tare da na Tabalak. Yadda ƙaramin tabki ke zama babba, haka babba ke cikewa da yashi ya koma ƙarami.

In ruwa zai kai

In ka tabbata ruwa ba zai ƙafe ba, shawarata ita ce ka bar jirgi cikin ruwa. Amma ba yana yawo a sama ba. Jirgin da ke bisa ruwa ba mai shiga, cikinshi yana jiƙe, gefenshi na sama yana gasuwa. Iskar hunturu tana buga shi ga gaɓa dare da rana. Yara kuma ba su ganin jirgi su ƙyale. Wanga shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, don asarar katako ana maida ta, ta ɗan mutum ba a maidawa. In dole ne ya tsaya a sama, sa mashi sarƙa da kwaɗo, ka tafi da filafili da gora gida.

Abin da ya fi shi ne ka nutsar da shi. Wanke shi, ka fidda duk abin da ke ciki. Nemi wuri mai yashi a ƙasa, ba taɓo ba, nesa da mashayar dabbobi, don saniya guda in ta taka shi ta gama da shi. Cika shi da ruwa. Za ka ga bai nutse duka ba, don itace ba ya son zama ƙasa. Sai ka sa buhunan yashi uku ko huɗu, ka rarraba su daga goshi zuwa gindi. Kada ka jefa manyan duwatsu, suna fasa katako, kuma nauyinsu wuri guda yake taruwa. Ruwa ya rufe shi da kamu guda ko fiye. Ɗaure shi da igiyar roba ga turke mai ƙarfi, ka bar kan turken a waje don masu taru da masu birgi su gani, kada kayansu su sarƙe.

Wagga hanya tana da nata aibi. Ƙusa tana tsatsa cikin ruwa, sai dai in farar ƙusa ce wadda anka yi wa rufi. Kuma ba a nutsar da jirgi a manta da shi. Ruwa yana ja baya, dole wani ya riƙa matsar da shi zuwa zurfi. Ranar da gefenshi ya leƙo waje, an koma gidan jiya.

Wani abu kuma, tunda muna maganar shiga ruwa. Ƙananan katantanwa suna manne wa jirgin da ya daɗe a ƙasa, cikinsu kuwa akwai masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini. Ta fata take shiga, ba sai ka sha ruwan ba. Kada ka tura yaro ya yi ma wanga aiki. Kai ma in ka ga jini cikin fitsari, tafi likita, akwai magani.

In ruwa zai ƙafe

To in tabkin mai ƙafewa ne, ko kuwa ba ka da tabbas, fidda jirgi. Ka fidda shi da wuri, tun ruwa yana kusa da ƙasa mai tauri inda amalanke ke iya zuwa. In ka jira, sai taɓo mai faɗi ya shiga tsakaninka da shi, jaki ba ya shiga, mutane ba su iya ɗauka. Nemi mutum huɗu ko shida su ɗaga. Jan jirgi bisa tsakuwa yana kankare kwalta.

Yanzu aikinka guda ne: jirgi ya bushe sannu-sannu, ba da gaggawa ba. Inuwa yake so. Rumfa cikin gida ta fi kome. In babu, gindin bedi ya yi. Gawo ma yana da kyau, don shi da rani yake ganye, lokacin da sauran itatuwa sunka kaɗe. Sai dai awaki da tumaki suna taruwa gindinshi neman ƴaƴa, akuya kuwa ba ta ganin abin hawa ta wuce. In can za ka aje, kewaye shi da ƙaya.

Kife shi, bakinshi ƙasa. Kada ya taɓa ƙasa ko kaɗan. Ɗora shi bisa duwatsu ko bulo a wuri uku, goshi da tsakiya da gindi, sama da ƙasa kamar taƙi biyu. In wuri biyu kaɗai ka tokare, tsakiya tana lanƙwasa, kuma jirgin da ya bushe a karkace ba ya miƙewa. Kada ka tokare da itace, don gada ce ka yi wa gara. Share wurin tas, ka barbaɗa toka. Toka ba ta hana gara duka, amma tana sa ka ga sawunta. Kowane mako a leƙa ƙarƙashi. In an ga hanyar ƙasa tana hawa dutse, a rushe ta nan take, a bi ta har inda ta fito.

Rufe shi da zana ko tsohuwar tabarma ta gefen da iska ke bugowa. Kada ka naɗe shi da leda. Leda tana tara zafi, tana kuma riƙe gumi a ciki, sai katako ya yi fumfuna. Tun yana da sauran laima, shafa mashi kwalta a baya, ka fi ba da ƙarfi ga bakin katakai, wato inda zarto ya yanka, don daga nan tsaga ke farawa. Wasu suna shafa baƙin man mota. Gaskiya yana korar ƙwari. Amma ranar da jirgi ya koma ruwa, man nan cikin tabki zai wanke, tabkin da dabbobinmu ke sha, wanda kuma kifinshi za mu ci. Ni ban ba ka wannan shawara ba.

Ka nisanta shi da murhu, da tarin kara, da dangar kara. Lokacin ɗari kowa yana hura wuta don jin ɗumi, iska kuma tana da ƙarfi. Busasshen katako mai kwalta, in wuta ta kama shi ba a kashewa.

Akwai masu aje jirgi a gida bakinshi sama, suna zuba mashi ruwa. Yana yi, in ana zubawa kullum ba fashi. Amma wa zai ɗebo ma ruwan rijiya wata biyar don jirgi? Ga sauro yana ƙwai ciki, ga laima tana kiran gara. Ranar da anka gaji anka bari kuwa, ya fi wanda ba a taɓa zuba wa ba lalacewa.

Duk wanga bayani na jirgin katako ne. In naka na ƙarfe ne, kada ka nutsar da shi. Fidda shi, ka kankare tsatsa, ka shafa fenti, ka kife.

Wa zai duba, kuma nawa za a kashe?

Ko cikin ruwa ko a tudu, jirgi yana son ido. In tafiya za ka yi, sanar da sarkin ruwa ko shugaban ƙungiyar masunta inda ka aje shi da wanda ka bar wa. Ke ma ƴar'uwa, in da kuɗin asusunku na mata kunka sayi jirgi kuna ba da haya, maganar ta shafe ki. Kada ku bar wa mai haya shi kaɗai ya zaɓi wurin ajiya, don ba kuɗinshi ba ne ke ciki.

Ga inda karatunka zai yi ma rana. Ɗauki takarda ka rubuta: “Ni wane, na bar jirgina hannun wane, ran kaza ga watan kaza. Zai duba shi kowace Juma'a. Ba zai ba kowa aro ba. Zan ba shi kaza kowane wata.” Ku sa hannu, shaidu biyu su sa. Ka rubuta biyu, ɗaya gare ka, ɗaya gare shi. Maganar aro ita ce ke ɓata zumunci. In kun yarda ya yi su da jirgin, wannan ma ba laifi, jirgin da ke aiki kullum yana jiƙe, ya fi na ajiya lafiya. Amma ku rubuta wa zai biya in ya fashe, ku kuma tabbata yana da takardar izinin su daga ma'aikatan gandun daji, kada a kama jirginka saboda laifin wani.

Mu yi lissafi. Kuɗin nan misali ne, kai ka sa na garinku. A ce mai amalanke yana son jika 3 zuwa gida, jika 3 komowa. Kwalta da ƙusa jika 4. Duka jika 10 ke nan, wato dala 2000. A ce kuma ka bar shi cikin ruwa, mai dubawa yana son jika 2 kowane wata, har wata 5. Nawa ke nan? Jika 10. Ka ga a wanga misali kuɗi bai raba gardama ba. In gidanka yana nesa da ruwa, dako zai fi haka tsada. Sai ka nemi wani amintacce a ƙauyen bakin tabki ya ba ka gefen rumfarshi.

Ranar maida shi ruwa

Jirgin da ya yi rani a tudu, ko yaya ka kula da shi, za ka ga haske ta tsakanin katakai. Kada hankalinka ya tashi, kada kuma ka ɗauki tsumma ka cusa da ƙarfi har kafa ta cika. Katako zai kumbura in ya sha ruwa. In bai samu wurin komawa ba, sai ya bankare ya tumɓuke ƙusa. Toshe manyan kafofi sama-sama da auduga ko tsumma mai kwalta. Bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi lako-lako ka sake ta. Sa'an nan ka kai shi ruwa marar zurfi, ka bar shi ya sha kwana biyu ko uku. Kwalfe ruwan, ka zauna ka duba inda yake tsattsafowa. Nan ne za ka toshe da kyau. Fitar farko ka yi ta kai kaɗai, kusa da gaɓa, da ƙwarya a hannu.

Wanda anka nutsar kuma, fidda buhunan yashi tukuna, ka jawo shi gaɓa, ka kwalfe, ka wanke gansakuka da katantanwa. Duba kan kowace ƙusa. In ka ga jan ruwa yana bin katako daga gare ta, tsatsa ta ci ta.

Aikin gida: kafin darasi mai zuwa, rubuta sunan tabkin da ya fi kusa da garinku. Tambayi mutum biyu wane wata ya ƙafe bara, da wane wata ya ƙafe bara waccan. In bai ƙafe ba, su nuna ma inda ruwa ya tsaya. Rubuta amsarsu cikin littafinka ka zo da ita aji.